Motar da Aka Cire wa Fankar Inji: Nazarin Gyaran da Ya Kai Mu Zagaye Uku

Motar ta yayana ce. Tsohuwa ce mai silinda shida, fetur take sha, injinta a miƙe yake daga gaba zuwa baya, kuma tana da esi. Ranar da ya kawo mini ita, mako uku ke nan da aka cire mata fankar da ta zo da ita aka ɗaura mata ta lantarki. Ƙorafinsa huɗu ne. Allurar zafi tana hawa duk sanda ya tsaya cikin cunkoso. Esin yana daina sanyi da zarar motar ta tsaya, sai an ɗauki hanya ya dawo. Da dare fitilun gaba sukan dushe idan inji yana silo, wato yana juyi a hankali ba a taka totur ba. Na huɗun shi ne ya fi ba shi tsoro: idan ya kashe makulli, injin ba ya mutuwa nan take, sai ya ƙara juyawa na kamar daƙiƙa biyu.

Na ce masa, "Yaya, kafin mu taɓa komai, faɗa mini yadda aka yi aka kai ga cire waccan." Amsar ta fi matsalar tsawo, kuma a cikinta rabin maganin yake.

Fankar asali irin mai kuloci ce. Tana ɗaure a hancin famfon ruwa, fambel ne ke juya su tare, amma tsakanin fuli da fukafukan akwai wani ɗan gida na alminiyam mai ɗauke da man silikon mai kauri. A fuskarsa akwai siririn ƙarfe a naɗe, wanda ke murɗawa idan iskar da ta ratso lagireto ta yi zafi. Murɗawar ce ke buɗe wa man hanya ya shiga tsakanin faranti biyu, sai fankar ta kama da ƙarfi. Idan iskar ta huce, man ya koma ma'ajiyarsa, fankar ta saki tana bin injin a hankali. Babu waya, babu makunni. Irin wannan kuloci yakan mutu ne ta hanya biyu: ko man ya yoye ya daina kamawa, ko boris ɗinsa ya cije ya daina saki. Na motar yayana man ne ya yoye, shi ya sa ta fara zafi a tsaye.

Maimakon a sa sabon kuloci, wanda ya fara duba motar sai ya huda gidan ya ɗaure shi da noti, ya mayar da fankar darek, wato kullum tana juyawa tare da inji ba ta saki. Zafin ya tafi, gaskiya. Amma daga ranar motar ta koma ruri kamar jirgi zai tashi. Dalilin yana cikin ɗabi'ar kowace fanka: ƙarfin da take ci ba ya hawa daidai da gudunta. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin da take buƙata ya ninka takwas. Fankar da ke juyawa sau 800 a minti lokacin silo, idan ta kai 3,200 a kan hanya, gudunta ya ninka huɗu, abin da take zara daga inji ya ninka 64. Kulocin ba don ado aka sa shi ba, aikinsa ke nan ya hana hakan. Bayan wata biyu fiffike ɗaya ya tsage daga gindi, fankar ta rasa daidaito, jijjigarta ta cinye boris ɗin famfon ruwa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da aka zo canza famfon ne aka ba shi shawara ya rabu da fankar inji gaba ɗaya, tunda motocin zamani duk da ta lantarki suke zuwa.

Wannan hujjar tana da gaskiya, amma gaskiyar ba ta cika ba. Babban abin da ya yaɗa fankar lantarki shi ne kwantar da inji a gicciye a motoci masu ja da ƙafafun gaba. Idan inji ya kwanta haka, fulinsa gefe yake kallo, lagireto kuma yana gaba, babu yadda fambel zai kai ga fankar cikin sauƙi. Motar Mini ta 1959 ma, da yake da fankar inji ta zo, sai da aka kai lagiretonta gefe don ya fuskanci fankar. To motocin da aka ƙera da fankar lantarki tun daga masana'anta, an lissafa musu girman altaneta (na'urar da ke cajin batir), kaurin waya, gidan fanka da abin da zai kunna ta. Wanda ya sayi fanka ita kaɗai ya ɗaura, kashi ɗaya cikin biyar na aikin ya saya.

Abin da na tarar a ƙarƙashin bonet

Fanka ce mai faɗin inci 16, wato kamar santimita 40, an manna ta a bayan lagireto da waɗansu robobi huɗu da aka tsira ta cikin saƙarsa. Tsohon gidan fankar, wato babban kwandon robar da ke kewaye da fankar asali, an jefar da shi. Waya siririya ce ta taso daga bayan makulli ta zagayo har gaban mota, babu rile a tsakani, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya saki babbar wuta. Fis ɗin da aka sa mata ya sha ƙonewa har aka gaji aka naɗe ƙafafunsa da silin waya. Da an murɗa makulli fankar ta tashi, ba ta tsayawa sai an kashe.

Zargina na farko ya faɗi. Motar fanka, wato na'urar lantarkin da ke juya fukafukan, idan aka juya wayoyinta biyu, baya take juyawa, sai ta riƙa tura iska gaba tana faɗa da iskar hanya. Na sha ganin haka, don haka na riga na yanke hukunci tun kafin in gwada. Na ɗora takarda a gaban mota, sai ta manne. Iskar daidai take tafiya. Sai dai takardar ta nuna mini wani abu da ban nema ba: a tsakiya take mannewa, idan na matsar da ita kusurwa sai ta zame ta faɗi. A nan gizo ke saƙar.

Saƙar lagireton motar tana da faɗin santimita 60, tsayi 45. Fili ne na santimita murabba'i 2,700. Da'irar fanka mai santimita 40 ba ta wuce 1,257 ba, kuma a tsakiyarta akwai motar fankar da ta tare wani yanki. Ke nan idan mota tana tsaye, fiye da rabin lagireton babu iskar da ke ratsa shi. Ruwan da ya bi bututun gefe yana shiga da zafinsa ya fita da kusan duk zafinsa. Fankar asali ba ta taɓa samun wannan matsala ba, domin gidanta ya rufe bayan lagireton duka, duk iskar da za ta ja dole ta ratso ta saƙar, daga kusurwa zuwa kusurwa. Wannan kwandon da aka raina aka jefar, shi ne rabin ƙarfin fankar.

Daga nan na ɗauko mita. Inji yana silo, esi da fitilu a kunne, batir yana nuna bolt 13.4 da farko. A bakin fankar kuwa 11.2 ne kawai ke isa. Fiye da bolt biyu sun ɓace a hanya. Lissafin ba shi da wuya. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1.5 da tsawon mita shida tana da turjiyar kamar om 0.07. Fankar tana jan amfiya 18, don haka wayar kaɗai ta ci kusan bolt 1.3. Sauran makulli ne ya ci da mahaɗun da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef. Wutar da ta ɓace zafi take zama, kuma da na taɓa bayan makullin sai da na janye hannu. Gudun irin wannan fanka yana bin bolt ɗin da ta samu, to ga ta ba ta rufe rabin lagireto ba, ga ta tana gudu da ragin kusan kashi ɗaya cikin shida.

Batun injin da ba ya mutuwa ma daga wannan wayar yake. Motar fanka mai maganaɗisu, idan aka yanke mata wuta tana cikin juyawa, janareto take komawa har ta tsaya. Da yake layi ɗaya take da kwayil (mai ba filogi wuta) da famfon mai, wutar da take haifarwa ita ce ke ciyar da su na ɗan lokaci. Da na bayyana wa Yaya haka ya yi dariya, ya ce shi har ya fara tunanin sayar da motar.

Fitilun da ke dushewa kuma laifin altaneta ne, ko in ce laifin wanda bai tambaye ta ba. Amfiya 70 aka rubuta a jikinta, amma wannan adadi sai inji yana gudu take bayar da shi. A silo abin da na auna bai kai 40 ba. Na tara abin da motar ke ci a tsaye da dare: fitilun gaba biyu masu wat 55 kowanne, kamar amfiya 9, fankar da ke hura iska cikin mota a ƙarshen gudunta, wajen 15, kulocin kwamfaresar esi, 3 zuwa 4, kwayil da famfon mai da sauran tarkace, kamar 10, sai sabuwar fanka da 18 ɗinta. Jimla ta haura 50. Giɓin daga batir yake fita. Na bar motar minti goma a haka, mita ta sauko daga 13.4 zuwa 12.3. Kuma duk sanda bolt ya sauka, fankar ta ƙara rage gudu, a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Zagaye na farko

Na ba shi zaɓi biyu: mu nemo sabon kuloci da fukafukai da gidan fanka mu mayar da motar yadda aka ƙera ta, ko mu gama aikin da aka fara. Ni na fi karkata ga na farkon. Shi kuwa ya ɗanɗana shirun fankar lantarki, kuma kusan duk tuƙinsa cikin gari ne, inda fankar inji ta fi rauni, tunda a silo ita ma a hankali take juyawa. Ya zaɓi na biyu.

Robobin da aka tsira ta cikin saƙa muka fara cirewa. Nauyin fanka da jijjigar hanya suna sa su goge bututun ruwa, kuma ɗaya har ya fara barin tabo. Muka lanƙwasa farantin alminiyam ya rufe bayan lagireton duka, da zurfin kamar santimita uku don iskar kusurwa ta sami hanyar zuwa tsakiya, muka yanke da'ira daidai bakin fankar, muka ɗaure shi a jikin firam, muka toshe gefuna da soso mai jure zafi.

Wayoyin kuma muka sake su daga tushe. Waya mai kaurin milimita murabba'i 4 ta taso daga batir, da fis na amfiya 30 dab da kan batir ɗin, ta shiga ƙafar da aka rubuta wa lamba 30 a jikin rile, ta fita ta ƙafa ta 87 zuwa fanka. Ƙafa ta 86 ce kawai ke karɓar wuta daga makulli, kuma abin da take ja bai kai rubu'in amfiya ba. Ƙafa ta 85 ta tafi wurin makunnin zafi. Dalilin fis na 30 ga fankar da ke cin 18 shi ne a daƙiƙar da take tashi daga tsaye tana fizgar ninki biyu ko fiye, abin da ya riƙa ƙona ƙaramin fis ɗin farko ke nan. Amma ba a wuce abin da wayar za ta iya ɗauka, domin waya fis yake karewa. Bayan wannan, abin da ke ɓacewa tsakanin batir da fanka bai kai bolt 0.3 ba.

Zaɓen makunnin zafi ya ɗan ɗauke mu lokaci. Tamostat ɗin motar, wato bawul ɗin da ke sakin ruwan inji zuwa lagireto idan ya yi zafi, yana fara buɗewa a digiri 82, ya gama buɗewa wajen 95. Idan aka sa makunnin da ke kashe fanka a ƙasa da 82, ba zai taɓa kashe ta ba, domin tamostat ba zai bar ruwan ya sauka can ba: fanka tana sanyayawa, shi yana rufewa, suna ta jan igiya. Muka ɗauki mai kunnawa a 95 ya kashe a 90. Wasu na jin 95 sai gabansu ya faɗi, alhali murfin lagireto mai riƙe matsin da ya kai "bar" ɗaya a ma'auni yana ɗaga tafasar ruwa zuwa kusan digiri 120, ruwan sanyaya inji da aka gauraya kuma ya ƙara ɗaga ta. Akwai tazara mai yawa.

A nan ni ma na yi nawa kuskuren. Na yanke tiyon sama na sa guntun bututun ƙarfe mai mazaunin makunnin, na haɗa komai, muka tayar da mota muna jira. Allura ta wuce inda ya kamata, fanka shiru. Makunnin mai ƙafa ɗaya ne, ta jikinsa yake mayar da wuta zuwa jikin mota, ni kuwa na dasa shi a ƙarfen da roba ta kewaye ta gaba da baya. Yaya yana tsaye yana kallona, bai ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo. Guntuwar waya daga bututun zuwa jikin inji ta kashe maganar.

Saura esi. Kwandensa, wato saƙar da ke fitar da zafin gas ɗin esi, tana gaban lagireto, kuma ba ruwanta da zafin inji. Da zarar kwamfaresa ta kama, tana buƙatar iska, ko da injin bai ɗumama ba. Fankar inji tana ba ta wannan kyauta saboda kullum tana ɗan juyawa. Idan babu iska, matsin gas yana hawa har makunnin kariya ya yanke kwamfaresa. Muka ƙara rile na biyu kusa da na farko, wanda ke karɓar umarni daga wayar kulocin kwamfaresa, ta yadda ko zafi ko esi, duk wanda ya kira, fankar za ta amsa. Altaneta kuma muka sa mai amfiya 100 wadda mazauninta ya yi daidai, tare da ƙara kaurin wayar da ke kai cajinta batir.

Gwajin tsaye ya yi kyau. Minti arba'in a silo da rana, esi a kashe: fankar takan tashi ta yi ƙasa da minti ɗaya ta tsaya. Da esi a kunne, allura ba ta motsa daga tsakiya ba.

Zagaye na biyu

Bayan kwana shida ya kira ni. "Ƙanena, motarka ta canza hali. Yanzu a cikin gari lafiya lau, a babbar hanya take zafi."

Wannan ya saɓa wa hankali, domin daga kamar kilomita 60 a awa zuwa sama, iskar da gudu ke turowa ta fi abin da kowace fanka za ta ja. Mota mai zafi a tsaye, a nemi fanka. Mai zafi a guje, a nemi toshewar lagireto, ko famfo, ko wani abu da ya tare iska. Lagireton mun wanke shi, famfon sabo ne. Abin da ya tare iskar kuwa mu muka ƙera shi da hannunmu. Farantin da ya ceci motar a silo ya zama bango a guje: duk iskar da ta shigo ta fili mai 2,700 dole ta matse ta fita ta rami mai 1,257, ramin ma da fukafukai da motar fankar a cikinsa.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa za ka ga gidajen fankar lantarki da yawa suna da ƙananan tagogi masu marfin roba. Muka yanke tagogi huɗu a kusurwoyin farantin, muka rataya wa kowace fallen roba ta baya, a ɗaure ta sama kawai. Idan mota na gudu, iska ta tura su su buɗe. Idan ta tsaya fanka ta kama, zuƙar fankar ta manne su su rufe. Muka kuma lura cewa wata robar da ke ƙarƙashin bamba, mai hana iska zamewa ta ƙasan lagireto, ta daɗe da yagewa, muka mayar da ita. A gwajin da ya biyo baya, tafiyar awa ɗaya a kilomita 100, fankar ba ta tashi ko sau ɗaya ba sai da aka kunna esi.

Zagaye na uku, wanda ba mu ci ba

Akwai yanayi guda da har yau motar ba ta kai yadda take da ba, kuma na faɗa masa tun kafin ya gano da kansa. Doguwar hawa ce da kaya, a giya ta biyu, inji yana juyi sama da 3,000 amma motar ba ta wuce kilomita 30 a awa ba. A nan inji yana ƙona mai da yawa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da aka ƙona ta ruwa yake fita. Iskar hanya ba ta da ƙarfi a wannan gudu. Fankar inji a irin wannan wuri take nuna kanta, domin gudunta yana hawa tare da na inji, kulocinta ya kama, ta ja iskar da za ta ci ƙarfin doki da dama. Ta lantarki kuwa gudu ɗaya gare ta. Amfiya 18 a bolt 13.5 wat 243 ne, bai kai sulusin ƙarfin doki ɗaya ba, tunda doki ɗaya wat 746 ne. Ba za a tambayi wat 243 aikin dubbai ba. Wannan ne ya sa manyan motocin ɗaukar kaya har yanzu da fankar inji suke fitowa.

Mun gwada a wata hawa mai tsawo da mutum biyar da kaya cike da but. Allura ta wuce tsakiya ta tsaya wajen kashi uku cikin huɗu, na'urar auna zafi ta nuna 106 a tiyon sama. Bai tafasa ba, bai kuma yi kusa ba, amma da fankar asali mai lafiya ban tsammanin za ta kai nan. Da muka kashe esi ta sauko zuwa 99 cikin minti uku. Da motar tana jan tirela ne, ko hawa ce hanyarta ta kullum, da na dage sai an mayar da kuloci.

Game da ƙarin ƙarfi da ragin shan mai da aka yi masa alkawari, ya danganta da abin da aka kwatanta. Idan da fankar da aka mayar darek ce, bambancin a fili yake, ya ji shi a totur tun ranar farko. Idan da kuloci mai lafiya ne, ribar kaɗan ce, domin shi ma yawancin lokaci a sake yake. Wutar fankar kuma ba daga sama take faɗowa ba: altaneta kusan rabin abin da ta karɓa daga inji take mayarwa wuta, don haka wat 243 ɗin nan yana cin injin wajen 450 duk sanda fankar ke aiki. Abin da ya samu na zahiri shi ne esi mai sanyi a tsaye, inji mai saurin ɗumama da safe, famfon ruwan da aka sauke wa nauyi daga hanci, da sarari a gaban inji har hannu na shiga a canza fambel ba tare da an kwance komai ba.

Abin da ya ɗauka a madadin haka shi ne sababbin wuraren da za su iya mutuwa ba tare da sanarwa ba. Kuloci yakan yi wata da watanni yana gargaɗi kafin ya gaza. Fis ko rile kuwa lokaci ɗaya suke tafiya, kuma direba ba zai sani ba sai allura ta hau. Saboda haka na ƙara masa abu biyu a dashbod: ƙaramar fitila da ke kamawa idan wuta ta isa bakin fankar, da makunnin hannu da ke kunna rile kai tsaye idan na zafin ya ƙi. Na kuma gargaɗe shi kada ya kai hannu kusa da fankar muddin makulli yana buɗe, ko da a tsaye ya gan ta. A aljihun gaban mota akwai rile ɗaya da fis biyu na amfiya 30 a cikin ƙaramar leda. Wata bakwai ke nan, fis ɗaya ya yi amfani da shi, ranar da wata leda ta shige tsakanin fukafukan ta cije su.